Yadda Ake Daidaita Injekta da Ƙwaƙwalwar Babur Bayan an Canza Masa Salansa

Wannan bayani ya shafi babura masu injekta ne, wato na'urar da ke fesa fetur cikin inji, waɗanda ƙaramar kwamfuta da ake kira ECU, ƙwaƙwalwar babur ke nan, ke auna musu fetur, irin manyan baburan Yamaha, Suzuki, Honda, Kawasaki, KTM, BMW da Harley-Davidson da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Mafi yawan baburan haya da ke kan titunan Kano, Sakkwato ko Maraɗi masu kafireta ne, gyaransu kuwa na canza jet ne da allura, ba ruwansu da kwamfuta. Sai dai tun da Indiya ta fara aiki da dokar hayaƙi ta BS6 a watan Afrilun 2020, kamfanoni irin su Bajaj da TVS sun mayar da baburan da suke sayarwa a gida da dama zuwa injekta, saboda haka bakaniken da ya koyi wannan aiki tun yanzu bai yi asarar lokacinsa ba.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Fetur yana ƙonewa ƙurmus idan nauyin iska ya ninka nauyinsa sau 14.7, shi ya sa ake rubuta ma'aunin 14.7:1. Idan lambar ta haura haka, mai ya yi ƙaranci a haɗin, inji ya ƙara zafi. Idan ta sauka, mai ya yi yawa. Mafi ƙarfin da inji ke bayarwa yana samuwa ne a tsakanin 12.5:1 da 13.2:1, wato da ɗan rarar mai wanda ke taimakawa wajen sanyaya fistin da bawul.

Akasarin babura ba sa auna iskar da ke shiga kai tsaye. Ƙwaƙwalwar tana duba buɗewar totur, da gudun juyawar inji, da matsin iska a maƙogwaron shigarta, da zafin iska da na inji, sannan ta leƙa jadawalin da kamfani ya rubuta mata domin ta san tsawon lokacin da za ta buɗe injekta. An rubuta wannan jadawali ne bisa salansar asali. Idan aka sa wadda hayaƙi ke fita ta cikinta cikin sauƙi, silinda kan cika da iska fiye da da a wasu matakan gudu, ta kuma ragu a wasu, alhali ƙwaƙwalwar tana ci gaba da ba da man da ta saba. Akwai sensar iskar oksijin a jikin salansa da ke taimaka mata gyara kuskure, amma irin wadda kamfani ke sawa ƙunƙuntar sensa ce, mai ba da wuta tsakanin kusan bolt 0.1 da 0.9, wadda ba ta san komai ba illa cewa an haura 14.7 ko an gaza. Ƙwaƙwalwar kuma tana sauraronta ne kawai a lokacin sulo da tafiya a natse da ɗan totur. Da zarar an murɗa totur sosai, sai ta koma kan jadawali kaɗai, a nan ne kuma haɗari yake idan mai ya gaza.

Mataki na farko: tantance abin da aka canza

Ba kowane canjin salansa ne ke bukatar taɓa ƙwaƙwalwa ba. Idan tukunyar baya kaɗai aka canza, aka bar bututun gaba da katalis mai tace gubar hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, to iskar da inji ke zuƙa ba ta sauya sosai ba, kuma sau da yawa babur yana iya tafiya lafiya da jadawalinsa na asali. Ƙara ce ta ƙaru da raguwar nauyi, ƙarfi kuwa ɗan kaɗan ne. Idan kuwa aka sa cikakkiyar salansa tun daga bakin silinda, irin na Akrapovič ko Yoshimura ko Arrow, ko aka cire katalis, musamman idan an haɗa da matatar iska mai saurin zuƙa, to awon haɗin mai da iska ya zama dole. A ra'ayina, irin wannan matatar ba ta dace da ƙurar hunturu ta ƙasarmu ba, domin ɗan ƙarfin da take ƙarawa bai kai darajar ringin fistin da ƙura za ta cinye ba.

A nan ne kuma za ka yanke shawara kan toshiyar rage ƙara da ke bakin salansa. Yadda za ka riƙa hawan babur, da ita ko babu ita, haka za a daidaita shi, domin cire ta bayan an gama aiki yana sake jirkita haɗin mai da iska.

Mataki na biyu: gyara inji kafin a taɓa jadawali

Yawancin abin da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa laifinsa, laifin ƙarfe ne ko roba. Ka sa sababbin gasket na tagulla a bakin silinda, domin tsohon da aka riga aka matse ba ya sake riƙe hayaƙi, ka ɗaure notocin daidai da ma'aunin littafin babur, sannan ka sake duba su bayan inji ya yi zafi ya huce. Ɗan ƙaramin yoyo a mahaɗar salansa yana jawo iskar waje ciki, sensa ta karanta ƙarancin mai na ƙarya, kai kuma ka yi ta ƙara man da inji ba ya bukata. Ka duba robobin maƙogwaron iska ko sun tsage, ka auna tazarar bawul, ka sa sababbin fulogai masu lambar da kamfani ya ba da, ka daidaita zuƙar silindodi idan babur yana da fiye da ɗaya, ka kuma tabbatar fanfon mai da matatarsa suna ba da matsin da ya dace. Babur ɗin da aka shigo da shi bayan ya daɗe a ajiye, sau da yawa injektocinsa sun kama datti, kuma babu jadawalin da zai gyara injektar da ta toshe.

Batun fetur kuma ba na wasa ba ne. Ka zubar da tsohon mai, ka cika tanki daga gidan man da ka saba sha, domin da shi za ka riƙa tafiya bayan an gama. Masu ababen hawa a Najeriya ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo a watan Fabrairun 2022 ba, man galan na bakin hanya kuwa babu mai iya rantsuwa kan abin da ke cikinsa.

Mataki na uku: abubuwa biyu da ke ruɗar awo

Na farko shi ne bututun da ke tura iska mai tsabta cikin mafitar hayaƙi domin ƙone ragowar mai, wanda Suzuki da Honda ke kira PAIR, Yamaha kuma AIS. Muddin yana aiki, sensar awo da za a kafa a mataki na biyar za ta ga iskar da ba ta ratsa cikin silinda ba. Dole a toshe shi lokacin awo, ko da matse tiyonsa, ko da faranti na musamman. Wannan bututu ne kuma ke jawo mafi yawan fashe-fashen da ake ji idan aka saki totur, kuma tsohuwar salansa ce ke ɓoye ƙarar a da. Saboda haka jin tas-tas a saukowa ba hujja ba ce cewa inji yana cikin haɗari, kuma kuskure ne a yi ta ɗura mai a layin rufaffen totur domin a kashe shi.

Na biyu shi ne bawul ɗin cikin salansa mai buɗewa da rufewa da ƙaramar motar lantarki da ke jan sa, wanda Yamaha ta sa wa suna EXUP, Suzuki kuma SET. Cikakkiyar salansa kan zo ba tare da shi ba, ƙwaƙwalwa kuma idan ta neme shi ta rasa sai ta kunna fitilar FI mai gargaɗin laifi. Ana magance wannan ta barin motar a jone bayan an cire wayoyin ƙarfenta, a baburan da suka yarda da haka, ko da ƙaramar na'urar da ke kwaikwayonta, ko a kashe lambar laifin a cikin manhajar ƙwaƙwalwa. Kada ka yarda ka riƙa yawo da fitilar a kunne, domin ranar da laifi na gaske ya zo ba za ka gane ba.

Mataki na huɗu: zaɓen hanyar gyara

Hanyoyi biyu ne na gaske. Ta farko ita ce akwatin da ake jonawa tsakanin ƙwaƙwalwa da injektoci, irin Power Commander na kamfanin Dynojet ko Rapid Bike na Italiya, wanda ke tsawaita ko gajarta umarnin buɗe injekta. Lambobin jadawalinsa kaso ne cikin ɗari a kan na asali: sifili yana nufin ba a canza komai ba, 5 yana nufin ƙarin kashi biyar. Amfaninsa shi ne ana iya cire shi babur ya koma yadda yake, illarsa kuwa ƙarin wayoyi da mahaɗai ne waɗanda ruwan damina da zafin inji ke iya lalatawa.

Ta biyu ita ce sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwar kanta, da kayan aiki irin Woolich Racing ko FTECU ga baburan Japan, TuneECU ga wasu samfuran Triumph da KTM da Aprilia, ko Power Vision na Dynojet da Fuelpak na Vance & Hines ga Harley-Davidson. Wannan hanya tana kai ka ga jadawalin mai da na tartsatsin fulogi, da zafin da fankar lagireto ke tashi, da kashe lambobin laifi. Ta fi tsabta, ta kuma fi haɗari ga wanda bai ƙware ba. Akwai kuma ƙananan na'urori da ke yaudarar sensar zafin iska domin ƙwaƙwalwa ta zaci ana sanyi ta ƙara mai ko'ina. Ba na ba da shawararsu ga cikakkiyar salansa, domin matsalar ba iri ɗaya ba ce a kowane mataki na gudu.

Ya kamata mai babur ya san cewa a ƙasashen da aka ƙera waɗannan kaya doka tana sa musu ido. Dokar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki kan sababbin samfuran babura a Tarayyar Turai a watan Janairun 2020, kuma a shekarar 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 a Amurka saboda sayar da na'urorin canza jadawali da ke ƙara hayaƙi. Sake rubuta ƙwaƙwalwa kuma yana iya soke garantin sabon babur.

Mataki na biyar: kafa sensar awo da ɗaukar ma'aunin farko

Kana bukatar faffaɗar sensa mai karanta ainihin lambar haɗi, irin Bosch LSU 4.9, tare da na'urar da ke adana karatunta haɗe da buɗewar totur da juyawar inji. Zarenta M18 x 1.5 ne, ramin sensar asali a babura da yawa kuwa ya fi haka ƙanƙanta, saboda haka sai mai walda ya dasa mata mazauni. A dasa shi bayan inda bututan suka haɗu, nesa da bakin salansa inda iskar waje ke komowa ciki, kuma ya kalli sama da aƙalla digiri 10 daga kwance domin kada raɓar cikin salansa ta taru a kan sensar ta fasa ta. Kada a tayar da inji alhali sensar tana ciki ba a jona mata wuta ba, domin baƙin hayaƙi zai toshe ta. A injin silinda biyu mai siffar V, an fi son a auna kowace silinda daban, tunda ta baya ta fi ɗaukar zafi, musamman a injin da iska ke sanyayawa.

Kafin ka canza lamba ko ɗaya, ka ɗumama inji har ya kai zafinsa na aiki, ka ɗauki karatu da jadawalin asali. Wannan karatu shi ne zai gaya maka ko akwai aiki ma tun farko. Wuri mafi dacewa shi ne kan daino, na'urar da ake ɗaure babur a kai tayar baya tana juya ganga, domin tana iya riƙe inji a gudu ɗaya har karatu ya tsaya. Ba kowane gari ke da ita ba. Wanda zai yi awo a hanya ya bar na'urar adanawa ta yi aikinta, idonsa yana kan titi, ya kuma sani cewa cikakken totur a giya ta huɗu a babban babur gudu ne da bai halatta a titin jama'a ba.

Mataki na shida: adana na asali, sannan a rubuta

Idan hanyar sake rubutu ka zaɓa, abu na farko shi ne karanta fayil ɗin asali ka adana shi wuri biyu, da lambar da ke jikin ƙwaƙwalwar a cikin sunansa. Samfuri ɗaya na shekara ɗaya yana iya zuwa da ƙwaƙwalwa daban tsakanin na Turai da na Amurka, fayil ɗin wani kuma ba ya zama a kan wani. Batirin babur ya kasance cike, a jona masa caja mai tsayayyar wuta, a cire fis ɗin fitilar gaba idan tana kunnuwa da makulli, kwamfutar hannu kuma ta kasance da cikakken caji, kada a dogara da wutar gari ko janareta. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya kashe ƙwaƙwalwa, sabuwa kuwa tana da tsada, a wasu baburan ma sai an sake haɗa ta da makullai.

Jadawalin da aka sauko da shi daga intanet, ko da an rubuta cewa na irin babur ɗinka ne da irin salansarka, kamar rigar kanti yake: yana iya shiga, amma ba a jikinka aka gwada ba. Ka ɗauke shi mafari kawai, ka auna shi kamar yadda ka auna na asali.

Mataki na bakwai: gyaran jadawalin mai

Jadawalin yana da buɗewar totur a gefe ɗaya, juyawar inji a ɗaya gefen. A Power Commander, alal misali, ginshiƙan totur sun fi matsuwa a ƙasa, 0, 2, 5, 10, 15, 20, sannan 40, 60, 80 da 100 cikin ɗari, domin a ɗan totur ne ƙaramin motsi ke sauya iska sosai. Ka fara da tsara abin da kake nema. A cikakken totur, 12.8 zuwa 13.2 ne aka fi bi, kuma a zafin bazara na arewa, inda ma'auni ke haura digiri 40 a watan Afrilu, na fi karkata ga 12.8. A matsakaicin totur, 13.2 zuwa 13.6 yana ba da amsa mai laushi. A tafiyar natsuwa ana iya barin sa kusa da 14 ko sama kaɗan domin tattalin mai.

Lissafin mai sauƙi ne: raba abin da ka karanta da abin da kake nema. Idan a totur 100 da juyi 7,000 a minti ka karanta 14.0 alhali kana neman 13.0, sakamakon 1.077 ne, wato ƙarin kusan kashi 8. Idan ka karanta 12.4 kana neman 13.0, sakamakon 0.954 ne, wato ragin kusan kashi 5. Ragin ba abin mamaki ba ne, domin babura da yawa suna fitowa daga kamfani da rarar mai a can sama, kuma sabuwar salansa kan sa wani yanki ya nemi ƙari wani ya nemi ragi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙarin kashi goma a ko'ina, wanda wasu ke yi da ka, yake gyara wuri ɗaya ya ɓata uku.

Ka fara da inda mai ya gaza a babban totur, domin nan ne fistin ke iya ƙonewa, sannan ka sauko. Kada ka yi gyaran da ya wuce kashi biyar ko makamancin haka a zagaye ɗaya, sai ka sake awo. Ka watsar da karatun da aka ɗauka a daidai lokacin murɗa totur ko sakinsa, tunda a murɗawa ƙwaƙwalwa tana ƙara mai na ɗan lokaci, a saki kuma babura da yawa suna yanke mai gaba ɗaya, sensa ta nuna iska zalla. Ka watsar kuma da karatun sulo da ƙaramin juyi idan salansar gajera ce mai faɗin baki. Bayan kowane zagaye ka dubi maƙwabtan kowane gida na jadawali: idan wani yana da 9 na kusa da shi yana da 1, akwai kuskuren awo, sai a sassauta bambancin, in ba haka ba babur zai riƙa fizga. Na'urorin da ke gyara kansu, irin Autotune, suna bin wannan lissafi ne, kuma shawararsu ma sai an tace ta da ido kafin a karɓa.

Yankin da ƙwaƙwalwa ke sauraron sensar asali yana da nasa hukunci. Duk man da ka ƙara a nan, za ta janye shi sannu a hankali har ta koma 14.7. Ko dai ka bar yankin a sifili, ko ka kashe sensar a manhaja, ko ka sa na'urar da ke sauya saƙonta. Idan babur ba ya fizga a tafiyar cikin gari kuma zafinsa bai wuce kima ba, barin sensar tana aiki ya fi, domin ita ce ke ɗan rufa asiri idan ingancin fetur ya sauya daga wannan gidan mai zuwa wancan.

Mataki na takwas: tartsatsin fulogi

Shawarata ita ce a bar shi yadda kamfani ya sa. Gaggauta tartsatsi yana iya ƙara ƙarfi kaɗan, amma jadawalan da ke yin haka an rubuta su ne domin fetur mai babban oktan, wato wanda ya fi jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba, da yanayi mai sanyi, babura da yawa kuma ba su da sensar da ke jin ƙwanƙwasar inji balle su ja da baya da kansu. A ƙarƙashin hular kwano, da ƙarar sabuwar salansa, mahayi ba zai ji wannan ƙwanƙwasa ba sai ta riga ta yi ɓarna.

Mataki na tara: gwaji a hanya

Ka gwada tayarwa da sanyin safiya da kuma bayan inji ya yi zafi, ka saurari sulo, ka yi tafiya a cunkoso ka ga lokacin da fanka ke tashi, ka riƙe totur a tsaye a giya ta biyu da ta uku ka ji ko akwai fizga. Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka kwatanta shan mai da na da. Ƙari kaɗan ba laifi, amma ƙari mai yawa tare da baƙin toka a bakin salansa da warin fetur a baƙin mai alama ce ta an wuce gona da iri, rarar mai kuwa tana wanke bangon silinda. Ka ciro fulogai bayan tafiya mai ɗan nisa: farin da ya yi ƙuraje ko ɗigo-ɗigon ƙarfe yana nufin a tsaya nan take a koma awo. Hawa tudu kamar na Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ba ya bukatar sabon jadawali, tunda ƙwaƙwalwa tana auna matsin iskar waje ta rage mai da kanta.

Idan komai ya zauna, ka cire sensar awo ka toshe raminta da noti da washa ta tagulla, ko ka bar ta a jone da wutarta. Ka adana jadawalin ƙarshe da kwanan wata da jerin kayan da ke jikin babur a ranar, domin duk lokacin da aka canza matatar iska zuwa wani iri, ko aka cire toshiyar salansa, ko aka buɗe kan inji, sai an sake ɗaukar karatu daga mataki na biyar.